Yadda Ake Binciko Asalin Gida Daga Tarihin Gunduma da Tsofaffin Takardunta

Yawancin masu neman salsalarsu sun san sunan uba, sun san na kaka, daga nan sai magana ta koma "an ce daga gabas muka zo". Wannan bayani na wanda danginsa suka fito daga ƙauye ne, manoma da masaƙa da fatake da malaman tsangaya, waɗanda ba a rubuta tarihinsu a fada ba. Zan riƙa misali da tsohon Lardin Kano don a nan na fi yin aikin, amma hanyar ɗaya ce a Katsina da Zazzau da Sakkwato.

Abu ɗaya ka riƙe tun yanzu: tsofaffin takardun hukuma ba su cika ambaton talaka da sunansa ba. Ƙauye suke ambata, da dagaci, da gona, da haraji. Wanda ya shiga ɗakin adana takardu da sunan kakansa kaɗai zai fito hannu rabbana. Ƙauyen za ka bi, shi zai kai ka ga mutumin.

Kayan aiki

- Littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, da fensir. Ɗakunan adana takardu ba sa son biro kusa da tsohuwar takarda.
- Waya mai ɗaukar murya da hoto, da batirin ko-ta-kwana, don ƙauyen da za ka je ba lalle a sami wuta ba.
- Babbar takarda, ko bayan tsohuwar kalanda, ta zana rassan dangi a gaban tsofaffi.
- Katin shaida, da takardar gabatarwa daga makaranta, wurin aiki ko mai unguwarku.
- Abin gaisuwa: goro, turare, sabulu, sukari.
- Wanda ya iya karanta Larabci da ajami na rubutun warash, idan kai ba ka iya ba. Wanda ya saba da bugun madaba'a kaɗai zai sha wahala da hannun malaman da.

1. Fara da tsofaffin gidanku

Takardar da ta shekara 100 a Kaduna za ta iya jiranka zuwa baɗi. Gwaggonka mai shekara 85 fa? Da ita za ka fara, a makon nan.

Ka ba mata muhimmanci na musamman. Maza sun fi riƙe jerin uba da kaka, amma tsofaffin mata su ne suka san wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo amarya, wa ya rasu yana goye, wa aka ba riƙo. Kada ka tara su wuri ɗaya a zaman farko, domin babba zai yi magana sauran su yi shiru ko da sun san ba haka ba ne. Bi su ɗaya bayan ɗaya, ka nemi izini kafin ka kunna abin ɗaukar murya, ka fara da faɗin ranar da sunan mai magana da garin da kuke.

Kada ka ce "Iya, ba ni tarihin gidanmu." Za ta ce ba ta sani ba. Yi ƙananan tambayoyi: "Iya, da kina yarinya, gidan wa ake kai ki yawon salla? Wa ya yi miki kayan ɗaki? In an yi rasuwa, daga waɗanne garuruwa ake zuwa gaisuwa? Ina gonar gandu take, da gonar wa ta yi iyaka?" Garuruwan da ake zuwa gaisuwar mutuwa daga cikinsu su ne taswirar danginku. Rubuta su duka.

Idan tsofaffin gidan sun ƙare, nemi aminan kakanka, maƙwabtan tsohon gida, da matan da aka aurar wasu garuruwa tun da daɗewa.

2. Warware sunaye

Nan ne mafari suka fi ruɗewa. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu ranar suna, Ɗanjuma a bakin uwarsa, Maigoro a kasuwa, Alhaji Babba a bakin jikoki. Saboda alkunya, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan miji, yaron da aka mayar wa sunan kaka kuma sai a kira shi Abba ko Baba har sunan yankan ya ɓace. Ga kowane mutum ka buɗe shafi guda: sunan yanka, laƙabi, sunan sana'a ko sarauta, sunan uwa, da wanda ya faɗa maka.

Sunan uwa shi ne ke raba Audu da Audu. A gida mai mata huɗu, ga waɗanda aka saki ga waɗanda suka rasu, sai ka san ɗakin da kowa ya fito kafin zanenka ya tsaya. Ka kuma tambaya a hankali: haifa aka yi ko riƙo? Agola da ɗan riƙo sukan tashi da sunan mai gidan da ya rene su, kuma bayan shekara 60 ba mai tuna bambancin sai tsohuwa ɗaya.

Sunan gari da ke bayan sunan mutum ma a yi hattara da shi. A makarantun En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, an saba laƙaba wa yaro sunan garin da ya fito, shi ya sa muke da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wannan yana nuna inda aka ɗauko yaron, ba lalle ne nan ne tushen gidansu ba.

3. Sa wa labari shekara

Tsofaffi ba sa cewa 1927. Cewa suke "shekarar yunwa", "zamanin Sarki Alhaji". Aikinka ne ka mayar da wannan lissafi. Ga ma'aunan da nake amfani da su a ƙasar Kano:

- Basasar Tukurawa da Yusufawa, 1893 zuwa 1895
- Zuwan Turawa Kano, Fabrairun 1903
- Isowar jirgin ƙasa Kano, 1911
- Yunwar Kakalaba, 1913 zuwa 1914
- Sarki Abbas, 1903 zuwa 1919. Sarki Usman, 1919 zuwa 1926. Sarki Abdullahi Bayero (Sarki Alhaji), 1926 zuwa 1953
- Zuwan Sarauniyar Ingila, 1956
- Kisan Sardauna, Janairun 1966
- Canjin kuɗi zuwa naira, 1973
- Soke haraji da jangali a Jihar Kano, 1979

Sunan yunwa yakan bambanta daga gari zuwa gari, kuma an yi ta fiye da sau ɗaya, don haka ka haɗa da tambayar wane sarki ko wane hakimi ne a kan gado lokacin. Sai ka ƙara da "a lokacin kin isa talla? An yi miki aure? Goyon wa kike yi?" Da haka za ka matso da shekarar haihuwa kusa ƙwarai.

In ka ga shekarar Hijira a takarda, raba ta da 33, ka cire abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622. Misali 1321: kashi ɗaya cikin 33 shi ne 40, saura 1281, a ƙara 622 ya zama 1903. Lissafin yakan kauce da shekara ɗaya, ba ya wuce haka.

Kada ka ɗauka tazarar uba da ɗa kullum shekara 25 ce. Dattijo mai shekara 65 yana haihuwa da amarya, sai ka ga ɗan autan ya girmi jikan gidan da 'yan watanni kawai.

4. Gano gundumar da ƙauyenku yake a da

Ƙaramar hukumar yau ba ita ce gundumar da ba. Kafin Turawa, hakiman Kano a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, jakadu ke zuwa karɓo haraji. Wajen 1907 zuwa 1908 aka harhaɗa garuruwa aka yi gundumomi, aka tura hakimai su zauna a cikinsu. Haka Madaki ya zauna Dawakin Tofa, Sarkin Bai a Dambatta, Makama a Wudil. Daga baya an yi ta haɗe wasu ana raba wasu. A 1976 aka rushe tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi, a 1991 aka cire Jigawa daga Kano.

Amfanin sanin wannan a aikace yake. Mutumin Birnin Kudu ko Dutse ko Ringim yau ɗan Jigawa ne, amma takardun kakanninsa suna cikin na Lardin Kano. Haka na Haɗeja da Gumel da Kazaure. Katsina ma sai 1934 ta zama lardi mai zaman kanta: kafin nan tana ƙarƙashin Lardin Zariya, kafin 1926 kuma tana cikin Lardin Kano. Wanda ya tsaya kan takardun Lardin Katsina kaɗai ya bar shekara 30 a baya.

Tambayar da ke warware wannan a ƙauye ita ce: "A da, ina ake kai harajin garin nan? Wane alƙali ake kai wa ƙara?"

5. Je ƙauyen da ƙafarka

Ka bi ta ƙofa. Mai unguwa tukuna, shi zai kai ka wurin dagaci, in da hali dagaci ya haɗa ka da hakimi. Cire takalmi, durƙusa, "ranka ya daɗe", sannan ka faɗi ko kai jikan wane ne. Ka bayyana tun farko cewa zumunci da tarihi ne suka kawo ka. Baƙon da ya zo daga birni da littafi yana tambayar gonar kakansa, kowa zai ɗauka ƙarar gado ce ke tafe, kuma daga nan bakin kowa zai mutu. Maganar gona ka bar ta sai an saba.

Roƙi dagaci ya jero maka waɗanda suka riƙe garin daga na farko, da shekarun kowa in an sani. Wannan jerin ne za ka gwada da na takardun Turawa daga baya. Bayan shi akwai mutum uku da bai kamata ka tsallake ba. Liman ya san wa ya ɗaura auren wa, gidan limanci kuma yakan ajiye rubutu. Sarkin aska ya san zanen kowane gida, don gidansu ne ke yi wa jarirai tun kaka da kakanni, zai iya gaya maka ko askar da ke fuskar kakanka ta Gobirawa ce, ta Barebari ko ta Kutumbawa. Sai maroƙi ko makaɗin garin: a cikin kirarin gida ake jin "jikan wane, na wane gari", sunayen da kowa ya manta. Ka tuna dai aikin maroƙi yabo ne. Ɗauki sunayen, ka ajiye kambamawar gefe.

Ka sa a kai ka kufai in garin ya taɓa tashi. Tsohuwar rijiya, kukar da aka kafa gari a gindinta, ramukan marina da suka cike, ragowar ganuwa, duk ka ɗauki hotonsu ka rubuta abin da aka ce a kansu. Unguwa mai suna Agalawa, Tokarawa, Zangon Barebari ko Rinji ta riga ta ba ka rabin labarin waɗanda suka kafa ta.

6. Takardun da ke cikin gida

Kusan kowane tsohon gida yana da akwatin ƙarfe ko gafaka da ba a buɗewa. A ciki nakan tarar da takardun haraji a ninke sun yi laushi kamar tsumma, kowace da sunan mai gida da ƙauye da shekara. Akan sami takardar sayen gona ko jingina da sunayen shaidu, fasfon aikin hajji, takardar sallama daga soja, katin jam'iyyar NEPU ko NPC, wasiƙun ajami daga ɗan'uwan da ya tafi cin rani.

In gidan malamai ne, duba bangon Alƙur'ani da gefen littattafai. Malamai sukan rubuta "an haifa mini ɗa ranar kaza ga watan kaza" a can. A ƙarshen littafin da aka kwafa da hannu kuma mai kwafin yakan sa sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci har da malaminsa da garinsa. Kada ka nemi a ba ka aro. Ɗauki hoto a inuwa, shafi bayan shafi, ka mayar yadda ka samu. Kada ka liƙa salatif a takardar da ta yage, yana cin tawada.

7. Kotu, ofishin hakimi da makaranta

A ganina babu takardar da ta kai ta rabon gado daraja. Alƙali ba ya raba dukiya sai ya lissafa magada duka: matan mamaci, 'ya'ya maza da mata, iyaye in suna raye, saboda kowa da kasonsa, ga kuma ushirar da hukuma ke karɓa a da. Shafi ɗaya zai ba ka gida sukutum, har da matan da ba sa fitowa a ko'ina. Littattafan shari'ar gona ma haka, don shaidu sukan faɗi wanda ya sare dajin da waɗanda suka gada bayansa. Na farkon zamanin Turawa da Larabci aka rubuta su. Tambayi magatakardan kotun yankin inda tsofaffin littattafan alƙalin gunduma suka koma, domin wasu suna nan, wasu an kwashe su zuwa hedikwata.

A ofishin hakimi ka nemi tsohon magatakarda, ko wanda ya gaji malamin haraji. In an dace, akwai jerin masu gida na kowane ƙauye. A gundumomin kewayen birnin Kano, inda malaman taki suka auna gonaki tun wajen 1909, akan sami sunan mai gona da girmanta. Tsohuwar elementaren gunduma kuma tana da rajistar ɗaukar yara mai sunan uba da ƙauye. Shekarun haihuwar da ke ciki ƙiyasi ne, malami ya dubi yaro ya rubuta.

Da yawa daga waɗannan gara da ruwa sun cinye su, abin da ke ci mini rai ke nan duk sanda na buɗe wani kabad. In ka sami wanda ya tsira, ɗauki hoton littafin gaba ɗaya, ba shafinku kaɗai ba.

8. Ɗakunan adana takardu

Sai yanzu ka isa tafiya Kaduna, da sunan ƙauye, sunan gunduma, jerin dagatai da 'yan shekaru a hannu. Babbar ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa reshen Kaduna ita ke riƙe da takardun Jihar Arewa. An kasa su da lambobi: KANOPROF na Lardin Kano, KATPROF na Katsina, ZARPROF na Zariya, SOKPROF na Sakkwato, SNP kuma na sakatariyar Arewa baki ɗaya. Za ka yi rajista, ka tanadi kuɗinta da na ɗaukar hoto, sannan a ba ka littattafan jerin fayiloli. Nemi sunan gundumarku a ciki.

Iri biyu za ka fara nema. Na farko Assessment Report, rahoton da jami'in Turawa ya rubuta bayan ya zaga gunduma don yanka haraji. A ciki akwai yawan mutanen kowane ƙauye, ƙabilunsu, sana'o'i, dabbobi, kasuwanni, da ɗan tarihin kafuwar gari kamar yadda dattawan lokacin suka faɗa. Na biyu District Note Book, littafin da Di'o, jami'in mulki na yanki, ke ajiyewa kan kowace gunduma, mai jerin hakimai da dagatai da dalilin naɗa wani ko tuɓe shi. Ba lalle ka ga sunan kakanka ba. Amma in gwaggo ta ce masaƙa ne da suka zo daga Borno zamanin dagaci wane, sai ga rahoton 1912 ya nuna unguwar Barebari masaƙa a garin ƙarƙashin wannan dagacin, to labarin ya sami ƙafa.

Turawa sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya ji: Momadu, Mamadu, Garuba, Sarikin. Ba ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ. Gwada kowace siga. Ka kuma tuna ta bakin tafinta suka ji, daga bakin masu sarautar da ke son kare kujerarsu, a gaban mai yanka haraji wanda kowa ke ɓoye wa dukiya. Rubutun Bature ba ya rinjayar maganar tsohuwa don kawai an buga shi da tafireta.

Duk abin da ka kwafa, rubuta lambar fayil da shekara da shafi nan take.

In Kaduna ta yi nisa, fara da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, ko ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, yana da takardu da rubuce-rubucen Larabci. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce sashen tarihi na Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello: ɗalibai sun rubuta kundaye kan gundumomi da dama, a ƙarshensu akwai lambobin fayilolin da suka duba da sunayen dattawan da suka zanta da su.

9. In sawu ya fita daga gunduma, ko ya kai inda ba a so

Wani reshen zai ɓace maka saboda tafiya. Fataken goro sun bi hanyar Gwanja, zuriyarsu na zangon Kumasi da Salaga. Waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, da mahajjatan ƙasa da ba su dawo ba, da yawa suna Sudan, musamman Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wasu haƙar kuza ta kai su Jos. Na Maraɗi da Damagaram kuma takardun zamanin Faransa suna Yamai. A duk waɗannan wurare sarkin zango ko sarkin Hausawa ne ƙofarka, kuma da sunan ƙauyen asali za a gane ku.

Akwai kuma abin da tsofaffi ke yi wa shiru. Bauta ta yi yawa a ƙasar nan a ƙarni na 19, ba a haramta ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma littattafan alƙalai na farkon zamanin Turawa cike suke da shari'ar fansa da 'yantarwa. Kana iya tarar da kaka wadda aka kamo daga wata ƙasa, ko kakan da ya tashi a rinji, wato ƙauyen bayi manoma. Kana iya tarar da Maguzawa a inda aka ce maka malamai ne. Mutanen nan sun sha wuya sun rayu har aka same ka, sun cancanci a rubuta sunansu daidai. Amma abin da ya shafi wani gida, ko wanda zai iya ɓata auren wani a yau, ba naka ba ne ka yaɗa. In tsoho ya ce "bar wannan maganar", bar ta, ka sa alama a littafinka.

Haka nan kada ka ja salsala da ƙarfi don ta kai ga Shehu, ko wani sarki, ko Sharifai. In hujja ta kai can, madalla. In ta tsaya a kan manomi na biyar, nan za ka tsaya.

10. Rubutawa da rabawa

Zana rassan a babbar takarda, kowane namiji da matansa, 'ya'ya a ƙarƙashin uwarsu. Gefen kowane suna ka sa alama ɗaya cikin uku: na gani a takarda, mutum biyu da ba su haɗa baki ba sun faɗa, ko mutum ɗaya ne ya faɗa. Inda ruwaya biyu suka saɓa, rubuta duka biyun da sunan masu su, kada ka zaɓi wadda ta fi daɗi.

Sannan ka koma wurin tsofaffin ka karanta musu da ƙarfi. A nan ne gyara ke fitowa, don jin suna yana tuno da wani sunan. Bayan gyara ka buga kwafi da yawa, ka ba kowane reshe na dangi ɗaya, ka kai wa dagaci da liman nasu. Muryoyin da hotunan kuma ka juye su a kwamfuta da wani wuri na biyu, kowane fayil da sunan mai magana da ranar da aka ɗauka, ka bar fili a ƙasan zanen don haihuwar da za a yi nan gaba.